Shawara ga Masu Fara Wasan Battle for Wesnoth

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasan da suka fara buga wasan kwamfuta mai suna Battle for Wesnoth, musamman waɗanda suka taɓa shi kaɗan suka ajiye suna cewa ba komai a cikinsa sai sa'a. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna David White ne ya fara fitar da wasan a shekarar 2003, kyauta ake sauke shi, kuma ba ya buƙatar intanet sai idan mutum yana son karawa da wani daga nesa. Yaƙi ne na karɓa-karɓa a wata ƙasa ta tatsuniya, inda za ka motsa dakarunka a kan fili mai gidaje masu kusurwa shida, idan ka gama kuma abokin gaba ya motsa nasa. Wanda ya saba da dara ba zai ji baƙunta ba, domin a nan ma inda ka ajiye ɗanka ya fi ƙarfin ɗan muhimmanci.

Abin da sabon ɗan wasa ya fi kasa ganewa shi ne, samun sara ko kuskurensa ya dogara ne da wurin da wanda ake sara yake tsaye. Sojan mutane mai mashi idan yana fili, kashi 60 cikin 100 na saran da aka kai masa zai iya samunsa. Idan ya shiga ƙauye ko ganuwa sai abin ya sauka zuwa kashi 40. Idan kuwa aka bar shi tsaye a cikin ruwa mara zurfi, kashi 80 ne. Mayaƙin jinsin Elf, wasu halittun tatsuniya masu kama da mutane, ya fi tsira a kurmi, wada kuma a kan dutse, inda kashi 30 kacal ke samunsa. Saboda haka duk wanda ya tura dakarunsa su tsallaka kogi alhali maƙiyi yana jiransu a bakin gaɓa, shi ya kashe su da hannunsa, kada ya ɗora wa kwamfuta laifi. Abin da ya dace shi ne ka tsaya a tudu, ka bar maƙiyi ya shigo ruwan ya same ka.

Haka batun lokaci yake. Yini guda a wasan zagaye shida ne: asuba, hantsi, la'asar, magariba, sannan dare kashi biyu. Sojojin masarautar mutane suna samun ƙarin ƙarfi na kashi 25 cikin 100 da rana, su rasa kwatankwacinsa da dare, su kuma dodannin jinsin Orc da ƙwarangwal masu tafiya akasin haka ne. A takarda abin kamar ƙarami ne, amma mai mashin da sukarsa ke cin jini (wato makin lafiyar mayaƙi) 7 da asuba, 9 take ci da rana, 5 kuma da dare, yayin da saran ƙaramin sojan Orc ke tashi daga 7 da rana zuwa 11 da dare. Wanda ya fahimci wannan zai ja da baya da magariba ba tare da jin kunya ba, ko da zai bar wa maƙiyi ƙauye ɗaya ko biyu, ya dawo da asuba ya karɓe su. A ganina wannan ja da bayan shi ne darasi mafi wuya ga matashi, domin zuciya takan raya masa cewa gudu ne.

Game da sa'ar da ake kuka da ita, akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Jifan matsafi yana da tabbacin kashi 70 cikin 100 ko ina maƙiyi yake tsaye, kuma sau uku yake jifa, amma samun duka ukun bai wuce kusan sau ɗaya cikin uku ba. Don haka idan shirinka ba zai yi nasara ba sai duka ukun sun samu, to shirin ne mara kyau. Kafin kai hari wasan yana nuna lissafin ɓarnar da za a iya yi wa kowane ɓangare, kuma ya kamata a karanta shi, a ajiye wani mayaƙi a baya wanda zai ƙarasa aikin ko ya toshe gurbin idan na farko ya kuskure. Masu komawa wurin da suka adana wasa duk lokacin da sara ya kuskure suna cin yaƙi, amma ba sa koyon komai daga gare shi.

Sai batun renon dakaru, wanda shi ne ruhin dogon labari irin na Heir to the Throne, inda sojojin da suka tsira suke bin jarumin labarin, Konrad, daga wannan fage zuwa wancan. Gwabzawa da maƙiyi mai mataki na ɗaya ba tare da kashe shi ba maki 1 take bayarwa na ƙwarewa, kashe shi kuwa maki 8, mai mataki na biyu maki 16, kuma da waɗannan makin ne mayaƙi yake hawa mataki na gaba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin gwarzo guda ya riƙa kashe kowa, alhali dabara ita ce manya su raunana maƙiyi, a bar wa ƙarami saran ƙarshe. Mai warkarwa ta jinsin Elf, wadda da ƙyar take kashe wani da kanta, ita ta fi cancantar wannan gata, domin idan ta hau mataki ta ɓangaren warkarwa tana mayar wa na kusa da ita jini 8 maimakon 4, har ta cire guba. Mayaƙin da ya hau mataki jininsa yana cika nan take, kuma kiran tsohon soja a fage na gaba zinare 20 ne komai girman matakinsa, alhali sabon mai mashi zinare 14 ne. Ke nan mutuwar gogagge ɗaya ta fi asarar sababbi da yawa ciwo.

Ƙauyuka kuma a kama su da wuri, domin suna kawo zinare, suna ɗaukar nauyin albashin dakaru, suna kuma mayar wa wanda ya kwana a ciki jini 8. A riƙa duba irin makamin da ya dace: takobi da kibiya ba sa yi wa ƙwarangwal illa sosai, gudumar ƙarfe da wuta ne maganinsa, mahayin doki kuma ba abin da yake tsoro kamar mashi. Shugaban runduna shi kaɗai ke ɗaukar sababbin sojoji, kuma sai yana tsaye a tsakiyar sansani, idan aka kashe shi kuma an ci ka, don haka ba a sa shi a sahun gaba sai da dalili mai ƙarfi.

Ga wanda yau zai fara, shawarata ita ce ya gama darasin koyo da ke cikin wasan, sannan ya buga A Tale of Two Brothers ko The South Guard a mataki mafi sauƙi kafin ya tunkari labarin Konrad. Na gode da ba ni wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya