Zuwa ga ɗana, kan maganar komawa Abuja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, kai da Hauwa'u da yara. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ƙafar ta yi sauƙi.

Gwaggonka ce ta zo ta shaida mini wai ka sa filinka a kasuwa, za ka kwashe iyali ku koma Abuja saboda karatun Abba. A bakin wani zan ji magana irin wannan? To, na ji.

Ban musa ba, Allah Ya ba yaron nan kai. Ɗan shekara 9 yana warware lissafin 'yan sakandare, Ummi ma ga ta nan tana biye da shi. Na san zaman ajin yana gundurarsa. Amma da albashinka ina za ka zauna? Ba Maitama ba. Mararaba za ka kama haya, yaro ya tashi tun asuba, ya ƙare safiyarsa cikin cunkoson Nyanya, ya dawo da magariba a gajiye.

Kuma wa ya ce maka sai mazaunin Abuja yake samun makarantar haziƙai? Ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, wadda aka buɗe a 1990, ta kwana ce, jarrabawa ake ci a shiga, daga kowace jiha. Jigawa tana da tata a Bamaina. Mu nan Kano muna da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, likitoci da injiniyoyi nawa suka fito daga can? Kai ma can ka yi. Kada ka ce ai ni ma na raba ka da gida. Sai da ka yi wayo, ka san danginka, ka iya gaida manya, sannan na sake ka, kuma ban yi nadama ba.

Abin da yake hana ni barci ɗaya ne. Ina tsoron yaron nan ya tashi ba shi da mutane. A nan, in ya fita ƙofar gida ba wanda ya damu da lissafinsa. 'Yan uwansa su kayar da shi a ƙwallo, malamin Islamiyya ya gyara masa karatu, kakarsa ta aike shi sayen daddawa. Can fa? Gida a kulle, ba ya da kowa sai ku, ku kuma ba ku da zance sai sakamakonsa. Ranar da wani ya fi shi, kuma za a yi ranar, wa zai rarrashe shi? Ranar sunan gidan Baffanka ina kallo ka tsayar da shi gaban baƙi kana ta jefa masa tambayoyi, yaro yana sunkuyar da kai. Ka daina. Ba don shi kake yi ba, ka sani. Baki ma abin tsoro ne.

Na san ƙauna ce ta sa, kuma kana gudun kada baiwar ta tafi a banza. Ba za ta tafi ba in sha Allahu. Ka nemo masa malamin lissafi daga Jami'ar Bayero ko da Asabar ne, kuɗin a kaina. Kada ka karɓi kafin alƙalami kan filin nan. Ka zo ranar Juma'a bayan Masallaci, ku taho da Hauwa'u, don ita ma ina so in ji ta bakinta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana su.

Mahaifinka.