A Daina Rage Darajar Makin da Fasinja Ya Riga Ya Tara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kamfanonin jiragen sama ke sauya dokokin shirin tara maki na fasinjojinsu, ba tare da la'akari da waɗanda suka shafe shekaru suna tarawa ba.

Lokacin da kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage a shekarar 1981, yarjejeniyar a fili take: kowane mil da fasinja ya yi a cikin jirgi ana rubuta masa maki, kuma akwai jadawali da ke nuna adadin da zai tara kafin a ba shi tikiti kyauta. Shekaru da dama maki 25,000 sun isa mutum ya je ya dawo a cikin Amurka. A 2015 kamfanin Delta ya daina duba nisan tafiya, ya koma duba kuɗin tikiti, inda mamba na gama-gari ke samun maki biyar a kan kowace dala. United ya bi sahu a wannan shekarar, American a 2016, Air France da KLM a 2018, sannan British Airways a 2023. Ke nan wanda ya yi tafiyar mil 5,000 da tikitin dala 500, wanda a da zai samu maki 5,000, a lissafin Delta na 2015 maki 2,500 kawai zai samu.

Ban ce wannan sauyi ba shi da hujja ba, domin ɗan kasuwa yana da damar fifita wanda ya fi kawo masa ciniki. Inda na ga zalunci shi ne a ɓangaren kashe makin. A cikin 2015 ɗin ne Delta ya janye jadawalinsa, United kuma ya yi haka a 2019, har ta kai ga kwamfuta ce ke yanke farashin tikitin maki gwargwadon cunkoso, yau da sauƙi, gobe da tsada. Idan babu jadawali, babu ma'aunin da mamba zai riƙe ya ce an rage masa, saboda haka kamfani zai iya zaftare darajar abin da ke asusun miliyoyin mutane cikin dare ɗaya ba tare da ya sanar da kowa ba.

Ni kaina na ɗanɗana wannan. Na yi shekaru ina liƙe wa kamfani guda, wani lokaci ina barin tikiti mai rahusa na wani kamfanin, ina jure dogon jira a filin jirgi, duk domin in tara abin da zai kai mahaifiyata ziyara wurin ƙanwata da ke zaune a wata ƙasa. Ranar da na ga makin ya cika na shiga neman kujera, sai na tarar adadin da ake buƙata ya yi sama, ga kuma ƙarin kuɗi da za a biya a kan tikitin da ake kira kyauta. Ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai ba, alkawarin da na riga na yi wa tsohuwa ne.

Kada wani ya ce ai maki kyauta ne, mai kyauta kuwa ba a yi masa dole. Bankuna na sayen waɗannan maki daga kamfanonin jirage domin su raba wa masu katin bashi, kuma a 2023 kaɗai kamfanin katin bashi na American Express ya biya Delta kimanin dala biliyan 6.8. A lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya cik, shirin makin ne kamfanonin suka jinginar suka ci bashi: United dala biliyan 6.8 da Delta biliyan 9 a 2020, American kuma biliyan 10 a 2021. Hasali ma, a littattafan lissafinsu makin da ba a kashe ba ana rubuta shi ne a matsayin nauyi da ke wuyan kamfani. Abin da banki ya karɓa a matsayin jingina dukiya ce, kuma bai dace ya zama dukiya a gaban banki amma ya koma alfarma a gaban fasinja ba.

Haka labarin yake game da matsayin azurfa da zinariya da kamfanonin ke bai wa mambobinsu, wanda ke bai wa mutum damar shiga ɗakin hutu da ƙarin kaya. A Satumban 2023 Delta ya tsaurara sharuɗɗansa, mambobi suka yi ca, har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya amsa cewa sun wuce gona da iri, aka sassauta wasu. Daga Afrilun 2025 kuma British Airways ya ɗora matsayin zinariya a kan makin matsayi 20,000, alhali fam ɗaya da aka kashe makin matsayi ɗaya ne. Wanda ofis ke saya wa kujerar alfarma zai kai, amma mai biya daga aljihunsa ya sha kashi.

Kotu ba ta cika zama mafaka ba, domin a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙorafin wani fasinja da kamfanin jirage na Northwest ya kora daga shirinsa. Shi ya sa na yi maraba da binciken da Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta buɗe a Satumban 2024 kan shirye-shiryen American, Delta, Southwest da United. Ina kira ga hukumomin kare haƙƙin fasinja a ko'ina da su wajabta wa kamfanoni ba da sanarwar aƙalla shekara guda kafin duk wani sauyi, su kuma bar mamba ya kashe makin da ya riga ya tara bisa tsohon farashi a tsawon wannan wa'adi. Kafin a kai ga haka, ina ba 'yan'uwana mambobi shawarar su riƙa kashe makinsu da zarar ya isa tikiti, kada su ajiye shi kamar yadda na yi.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum