Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manya Masu Gini da Bulon Lego

'Yan'uwa membobi, assalamu alaikum.

Da maganar kuɗin wata-wata zan fara bana, domin bara da na ajiye ta a ƙarshen rahoto, wasu suka ce mini idonsu bai kai wurin ba. Waɗanda suka biya kuɗinsu cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Akwai masu biyan wata biyu su yi ɓatan dabo. Akwai masu cewa "Malam Sakatare, gobe zan turo" tun farkon shekara, kuma har yau goben ba ta waye ba. Ni da ma'aji mun kira waya, mun aika saƙo, har ta kai wani ya daina ɗaukar kirana kamar ni nake binsa bashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a cikin masu cewa babu hali akwai waɗanda duk wata sai sun nuna mana hoton sabon kwalin Lego da ko buɗe shi ba a yi ba. Ban hana kowa sayen abin da ransa ke so ba. Amma idan kun zo wurin ayyukan da ba a kammala ba, ku tuna da wannan.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da guda biyu da mutane ba su cika ba, kuma bayanansu na hannuna ga mai son gani.

Abin da ya wanke mana fuska bana shi ne baje kolin garinmu na bulo. Kun tuna yadda aka yi ta ja-in-ja kafin a amince da shi. Sharaɗi biyu muka gindaya: kowa zai gina unguwarsa a kan shimfiɗa mai maɓalli ('yan tudun da ke saman bulo) 32 tsawo 32 faɗi, wato santimita 25.6 kowane gefe, kuma ba a yarda da ginin da aka bi littafin cikin kwali aka haɗa ba, sai ƙirar kai. Sharaɗi na biyun ya ɓata wa wasu rai, har aka ce ina nuna wariya. To, gani ya kori ji. Ginin kwali kowa na iya ganinsa a hoto. Abin da ya tsayar da baƙi a gaban teburinmu shi ne abin da ba su taɓa gani ba kuma ba za su samu a kanti ba.

Daren jajibiri ne muka sha wuya. Da muka jera shimfiɗun, sai ga wata unguwa ta ɗara maƙwabciyarta tsayi da faranti ɗaya tak. Faranti ɗaya, wato siririn bulo, kaurinsa milimita 3.2 ne, kashi ɗaya cikin uku na tsayin bulo, ido ba ya ko lura da shi daga nesa. Amma layin dogo ya bi ta kan wurin, duk zagayen da jirgin ya yi sai tayarsa ta gaba ta goce. Mai unguwar ya rantse ya bi ƙa'ida, muka ƙirga tare, ashe ya lissafa tayil ɗin saman hanya (faranti marar maɓalli) daban. Ba mu tashi ba sai da muka kwance ƙasan unguwar gaba ɗaya muka sake ɗora ta, gidaje na jere a gefe kamar an yi ƙaura. Mutum biyar ne a ɗakin a daren nan. Ba zan ambaci suna ba, sun san kansu, kuma su ne dai biyar ɗin da za ku yi ta cin karo da su a duk wannan rahoto.

Da gari ya waye kuwa, jirgin ya yini yana zagaye bai sauka daga layi ko sau ɗaya ba.

Ginin da ya fi jan jama'a shi ne hasumiyar fitilar bakin teku da 'yar'uwarmu ta yi. Bulo mai kusurwa ne, amma hasumiyar ta fito a mulmule, babu maɓalli ko ɗaya a waje. Dabarar kwantar da bulo ta yi amfani da ita, maɓallan na kallon gefe maimakon sama. Lissafin da ke riƙe da dabarar ba shi da tsawo: tazarar maɓalli zuwa maɓalli milimita 8 ce, don haka faɗin maɓalli biyu milimita 16 ne, daidai da kaurin faranti biyar. Wanda ya riƙe wannan zai kwantar da bango ya tayar da wani, su haɗu ba tare da rata ba. Na ji ta yi wannan bayani ya fi a ƙirga, har muryarta ta dishe, kuma duk wanda ta yi wa sai ta ciro ɓangare guda ta nuna masa cikin. Gadar da ke ɗagewa ta ɗan'uwanmu mai son giya da injin ita ma ta sha kallo, duk da sau biyu ta maƙale a sama muka sauko da ita da hannu. Dajin da ke bayan tashar jirgi kuwa, mutane sun ɗauka abu mai sauƙi ne. Ku tambayi wanda ya kwana uku yana saƙa ganye ɗaya bayan ɗaya.

Tambayoyi biyu ne suka yi ta dawowa. Ta farko: "Da gam kuka manne su?" A'a. Bututun da ke ƙarƙashin bulo ne ke damƙe maɓallan na ƙasa, tsarin da kamfanin na garin Billund a ƙasar Denmak ya yi wa rajista tun 1958. Wani dattijo a cikinmu ya zo da tsofaffin bulonsa na yarinta, muka riƙa ba baƙi su haɗa da sababbi, suna kamawa tsam kamar tare aka ƙera su. Ta biyu ita ce wadda duk mun saba ji a gida: "Wannan ba wasan yara ba ne?" Ba mu yi musu da kowa ba. Mun ajiye ƙaramin tebur da bulo shida masu maɓalli biyu faɗi huɗu tsawo, da takarda a gefe mai cewa ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765, lissafin da masanin lissafi Søren Eilers ya fitar. Yara suka yi wasa suka wuce. Iyayen ne suka ƙi tashi. Wani magidanci da ya shigo yana dariyar mu, shi ne na ƙarshe da ya bar teburin, ɗansa na jan hannunsa. Yanzu memba ne, kuma ya biya kuɗin shekara guda a dunƙule, abin da wasu da aka kafa ƙungiyar da su ba su taɓa yi ba.

Ba a rasa asara ba. Wasu 'yan mutum-mutumi sun yi ƙafa daga bakin tebur, laifinmu ne da ba mu ja igiya ba. An koya.

Zaman nuna gini da muka yi bayan baje kolin ya fi kowane na bana armashi, domin karon farko ke nan mutane suka wuce "kai, ya yi kyau". An gaya wa mai gada cewa ginshiƙansa sun yi siriri idan aka gwada da nauyin da suke ɗauke da shi. An gaya wa wani cewa launi bakwai a bango ɗaya ya yi yawa, kuma motocinsa sun fi ƙofar garejin faɗi. Ba a yi faɗa ba. Ina roƙo a riƙe wannan salon: in za ka yi gyara, ka nuna wurin kuma ka kawo dabarar da ta fi, in kuwa kai ne mai ginin, kada ka ɗauka kai ake suka. Abu ɗaya ne ya sosa rai, kuma dole in faɗe shi. An kawo mana wani gini da sunan ƙirar kai, daga baya wani ya gano umarnin gina shi a Rebrickable, shafin intanet da masu gini ke ɗora ƙirarsu, bulo bayan bulo. Gina ƙirar wani ba laifi ba ne, dukanmu a nan muka koya. Laifin shi ne a ɓoye sunan mai ita. An yi magana da shi a keɓe, ya ba da haƙuri, magana ta wuce.

Yanzu ga abubuwan da ake ta tambayata a kansu.

Ma'ajiyar bulo ta ƙungiya har yanzu a manyan robobi take a gauraye. Na san na yi alkawarin tsara ta bara. Akwatuna masu aljihu da ake buƙata ba a saya ba saboda asusu bai kai ba, kuma ba zan ci bashi da sunan ƙungiyar da membobinta ba sa biya ba. Duk da haka mun kira ranar tantancewa sau uku. Masu cewa aikin yini ɗaya ne ba su taɓa yi ba. Ba da launi ake warewa ba, da siffa ne, domin ja ɗaya a cikin farantai iri guda ido na hango shi nan take, amma neman ƙaramin faranti a cikin tulin jajaye sai ka yini. Sannan ga tsohon launin toka da sabo, wanda aka sauya a 2004. Da fitilar dare kusan ɗaya suke, sai an gina bango rana ta haska shi ya fito dabbare-dabbare. Ga kuma bulon wasu kamfanoni da aka zubo mana cikin gudummawa, sai an duba kan maɓalli ɗaya-ɗaya ko akwai rubutun LEGO. Mun gama kusan roba biyu. Sauran na jiran hannu.

Odar haɗin gwiwa ta BrickLink, kasuwar bulo ta intanet, ba ta tashi ba. An ce kowa ya turo jerin abin da yake so da kuɗinsa, don mu haɗa mu rage kuɗin aikowa. Jeri ya zo da yawa, kuɗi bai biyo baya ba. Wasu ma jerin nasu "jan bulo masu yawa" kawai ya ce, babu lambar siffa, babu adadi. Kasuwar nan ta masu sayarwa ce daban-daban, abin da ka gani yau gobe wani ya ɗauke, ba a ajiye wa kowa. Kafin mu gama jira, rabin abin da muka zaɓa ya ƙare. Waɗanda suka biya an mayar musu da kuɗinsu.

Koyar da zanen ginin bulo a kwamfuta da manhajar Studio an yi zama ɗaya. Mun shirya shi ne musamman saboda waɗanda har yanzu ke riƙe da tsohuwar manhajar LEGO Digital Designer, wadda aka daina tallafa wa tun 2022. Waɗanda suka fi nacin a yi, su ne ba su zo ba. Malamin ya kawo kwamfutarsa da lokacinsa kyauta, ba ni da fuskar sake kiransa sai na ga sunaye a rubuce.

Batun tura ƙira zuwa LEGO Ideas, shafin da kamfanin ke karɓar ƙirar magina don ya duba ko zai fitar da ita kasuwa, ni na ba da shawarar a dakata, kuma ina nan a kan bakana. Sai ƙira ta tara magoya baya 10,000 kafin kamfani ya zauna ya duba ta, kuma dubawar ba ita ce amincewa ba. Ƙungiyar da ta kasa tara mutum goma ranar tantance bulo, ban ga yadda za ta tara dubu goma ba. Jerin injinan miƙa ƙwallo shi ma ya tsaya a inji uku. Ƙa'idar da masu wannan fanni ke bi ita ce kowane inji ya iya wuce da ƙwallo ɗaya a daƙiƙa, na tsakiyar namu kuwa ba ya kai wannan, sai ƙwallaye su taru su zube ƙasa. Mai shi ya ce zai gyara giyar, ya tafi da shi gida, ba mu sake ganin injin ba.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi yi mini ciwo. Fadar nan ta farin bulo da muka yi shekaru muna alfahari da ita ta koma ruwan ɗorawa ta gefen da ke kallon taga. Hasken rana ke yi wa farin bulo haka, mun kuma sani, shi ya sa tun bara aka sa akwatin ajiya da labule a kasafi. Ba a saya ba, dalili kun riga kun karanta shi a sama. An ba da shawarar a jiƙa bulon a ruwan haidurojin feroksaid, yana dawo da fari, amma sai an kwance ginin kaf, kuma rawayar kan iya dawowa. Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, na bar wa taro.

Ga waɗanda sunansu ke rajista amma rabon mu da su tun ranar ɗaukar hoto: ba wanda ya ce sai kana da bulo dubu kafin ka zo. Akwai ɗaukar tebur, akwai tsaron ƙofa, akwai tantancewa. Wasu ba su zo shiri ba, ba su zo kwashe kaya ba, amma ranar baje koli sun iso da tsakar rana sun tsaya gaban hasumiya ana ɗaukar su hoto suna cewa "aikinmu". Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Haka waɗanda suka ari bulo daga ma'ajiya da sunan mako biyu, littafin aro na nan, da sa hannunku.

A taro mai zuwa za a yi zaɓe. Ni dai ba zan sake tsayawa sakatare ba, ina da jirgin ruwa da na fara tun kafin in karɓi wannan aiki, har yau gangar jikinsa ce kawai a ajiye. Kwamiti zai gabatar da shawarar cewa duk wanda ake bi kuɗin wata shida ba zai samu gurbi a teburin baje koli na gaba ba, za a kaɗa ƙuri'a a kai. Ma'aji zai zo da littafinsa da rasit. Wanda injin ƙwallo ke hannunsa, don Allah ya taho da shi, ko an gyara ko ba a gyara ba.

Sakataren ƙungiya