Baƙonku ya yi wa kifin murjani kuɗin goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da maganar baƙonku na shirin ranar Lahadi, cewa teku ɗaya ce, idan kifi ya ƙare a wani wuri na wani wurin zai zo ya maye gurbinsa, kuma mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce ba tare da ko tambaya ɗaya ba.

Na daɗe ina kiwon kifin ado a nan Akra, kuma akwai wani ɗan kifi mai zanen baƙi da fari da ake kawowa daga tsibiran Banggai na Indunusiya. Da idona na ga namijin ya ɗauke ƙwai a bakinsa, muƙamuƙinsa ya kumbura, ya ƙaurace wa abinci har tsawon makonni, ko na zuba a gabansa ba ya kulawa. Ranar da ya saki 'ya'yan, cikakkun kifaye ne ƙanana, kuma a teku nan take suke shigewa tsakanin ƙayoyin bushiyar teku su zauna. Ta yaya irin wannan zai ƙetare teku ya cike gurbin wani? Shi ya sa masana suka tarar ƙwayoyin gadon garke biyu da 'yan kilomitoci kaɗan suka raba sun bambanta ƙwarai. Idan masu kamu suka share garke ɗaya, abin da ya gada ya tafi ke nan, kuma tun 2007 kifin yake cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Akwai dai kifayen duwatsun murjani masu watsa ƙwai a ruwa, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan makonni da dama, har a sami jinsi ɗaya daga gabashin Afirka zuwa tekun Fasifik jininsu a gauraye. Da baƙon ya ce su yake nufi, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ya haɗa su duka, alhali masunta a unguwannin Chorkor da Jamestown na nan Akra suna saurare, mutanen da aka sha fama da su kan mutunta watan hana kamun kifi.

Sannan don Allah ku duba lokacin shirin. Kun mayar da shi daidai kiran sallar magariba, rabinsa yana wuce mu muna masallaci, kuma ba ku maimaita shi.

Mai sauraronku,
daga Nima, Akra