Bakanikai, ku daina yi wa bodin mota ɓarna saboda noti ɗaya

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga bakanikanmu. Makon jiya notin bambar motata ya ci tsatsa. Ana juya sufana, matsattsen gidansa na cikin bodi yana juyawa tare da shi. Yaron gareji har ya ɗauko guduma zai fasa wurin, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wani dattijon bakanike ya dakatar da shi. Ya ɗiga mai, ya jira minti 20, ya cusa bakin sukudireba ƙarƙashin leɓen gidan ya danne, sannan ya juya sannu-sannu. Notin ya fito, ko fenti bai kwarzane ba. Kafin ya mayar, sai da ya shafa giris.

Don Allah iyayen gida, ku koya wa yaranku wannan.

Direban tasi, Zariya