Kafin a ce wa matashi ya fara kasuwanci, a tambaye shi da kuɗin wa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan shawarar da ake yawan ba matasanmu a nan Kaduna, cewa su daina jiran aikin albashi su kama sana'a. Shawarar gaskiya ce, domin tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) kuma ta bi bayanta a 2007, guraben aiki suka yi ƙaranci a garin nan. Abin da ke damuna shi ne, masu ba da shawarar sukan tsaya a kan "ka yi ƙarfin hali ka fara", ba sa tambayar yaro da kuɗin wa zai fara, kuma nawa zai iya rasawa ba tare da gidansu ya girgiza ba.

Ba na cikin masu cewa a zauna har sai komai ya daidaita. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin da aka ajiye kawai narkewa yake yi, kuma wanda ya riƙe ɗan jarinsa shekara biyu yana nazari zai tarar ba ya sayen rabin kayan da zai saya a da. Saboda haka fitowa dole ce. Sai dai yawancin abin da muke kira ƙarfin hali, bin yayi ne kawai.

A lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, masu POS sun samu ciniki sosai, nan da nan kowa ya nemo na'ura da tebur da lema. A yau a wasu layukan Tudun Wada da Kawo za ka ga tebura jere kusa da juna, kowane mai tebur yana zaune da wayarsa a hannu yana jiran kwastoman da maƙwabcinsa ma yake jira, alhali ladar cire kuɗi ba ta taka kara ta karya ba. Da an ƙirga mutanen da ke bin layin a wuni kafin a sayi na'urar, da wasu sun nemi wata hanyar.

Batun ajiyar hatsi ya fi wannan ciwo, domin kuɗin da ke ciki ya fi yawa. Ganin yadda masara ta yi tsada a 2024, mutane da dama da ba su taɓa sanin harkar ba suka nufi kasuwannin Saminaka da Giwa da kaka suka sari buhuna suka kulle a ɗaki, wasu da kuɗin adashi, wasu da kuɗin filin da aka sayar, wasu ma da sarƙar matan gida. Gwamnatin tarayya ta riga ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci tun a watan Yulin 2024, kuma a 2025 farashi ya sauka. Tsohon ɗan kasuwar hatsi, wanda ya saba ganin shekarar riba da ta faɗuwa, yana da abin da zai jingina da shi har kasuwa ta juyo. Sabon shiga da ya zuba komai nasa da na wasu a buhu ɗaya dole ya sayar da asara, ga ƙwari sun taɓa kaya, ga kuɗin hayar ɗaki, ga masu bashi a bakin ƙofa. Irin wannan faɗuwa ba ta tsayawa a aljihu, har zumunci take ɓatawa.

A ganina hanyar da ta fi dacewa tana nan a gabanmu, a Panteka da Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Yaron shago yakan yi shekaru tare da ubangidansa yana koyon inda ake sari, da lokacin da kaya ke kwantai, da mutumin da ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, kafin a sallame shi ya buɗe nasa. Ranar da ya bar inuwar ubangidansa ya tsaya da ƙafarsa, babu mai cewa bai yi jarumta ba, amma ya fita ne da sanin farashi da kuma mutanen da suka yarda da shi. Wanda ba shi da halin yin shekaru, to ya yi ko watanni, kuma ya fara da kaji hamsin kafin ya yi tunanin ɗari biyar, domin kuɗin abincinsu kaɗai ya isa ya koya masa lissafi.

Akwai kuma rubutu, wanda muke sakaci da shi ƙwarai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu, amma har yanzu ɗan'uwa zai ba ɗan'uwa jari da baki, ba a fayyace ko rance ne ko haɗin gwiwa ba, sai an faɗi sannan kowa ya tuno tasa maganar. Haka nan wanda bai raba uwar kuɗi da kuɗin cefane ba, zai cinye jarinsa yana zaton riba yake ci.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumar SMEDAN mai kula da bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i shi ne, duk shirin da zai ba matashi jari ya haɗa shi da dattijon da ya san sana'ar, wanda zai riƙa duba littafinsa a watannin farko. Ina kuma roƙon jaridarka, idan za ta kawo hira da waɗanda suka yi nasara a kasuwanci, ta riƙa tambayarsu da nawa suka fara, daga ina suka samo shi, da yadda suka yi a shekarar da suka faɗi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna