Wasiƙa daga Ansongo zuwa ga Yaya a Damagaram

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce mata lafiyata lau, ta daina hana kanta barci saboda abin da take ji a rediyo.

Yaya, magana ta iso ni har nan Mali, wai a unguwa ana cewa dalar Amurka nake kwasa, ina ɓoye muku. Wallahi ta yi mini zafi, tun da na ji har da Kawu cikin masu faɗi. Gaskiya ne Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan dalar Amurka 1,448 a wata kan kowane sojan kiyaye zaman lafiya irina, tun watan Yuli na wannan shekara ta 2022. Amma gwamnatin ƙasar da ta turo sojan ake ba, daga nan a fidda mana namu alawus. Abin da Majalisar ke sa mana a hannu kai tsaye dalar Amurka 1.28 ne a rana, ko jika ɗaya bai kai ba. Ka karanta wa Kawu wannan wurin.

Ci da kwana suna ba mu, Alhamdulillahi. Sai dai kati na waya, sabulu, shayi da sukari daga aljihuna ne, kuma tun da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe wa Mali iyaka a watan Janairu kaya suka hau. An buɗe a Yuli, farashi bai sauko ba. Zafi da ƙura kuwa ba baƙon abu ba ne ga ɗan Damagaram. Sauran sai na zo.

Na sa abokina na Yamai ya aiko maka jika 150 ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Jika 80 ka shiga kasuwar Dole da kanka ka sayi hatsi, kada ka aiki kowa. Jika 30 maganin hawan jinin Inna ne. Jika 25 ka ba mai ɗakina, ta biya 'yan ga-ruwa ta ɗinka wa yara kayan lakwal. Ragowar ka riƙe a hannunka saboda ko-ta-kwana.

Auta kada a ba shi ko tamma. An ce mini ya bar wajen koyon walda, yana zaman fada har tsakar dare, yana cewa zan sai masa babur. Ban yi masa alkawari ba. Ya koma wajen maigidansa tukuna.

Na san nauyin gidan duka yana kanka, ni ina nesa sai aike. Ranar da aka kwantar da Inna asibiti ina kan sintiri, ban ma ji ba sai da aka sallame ta, abin yana cina har yanzu. Ka yi haƙuri da ni. Amma kakin nan ban sa shi don in ji kunya ba, tutar Nijar ce a kafaɗata.

Hatsin dai Yaya, da kanka, kafin ya ƙara hawa. In kuɗin sun shigo ka yi mini saƙon murya a WhatsApp, ka ba Inna wayar ita ma ta yi magana.

Ƙaninka.